Ka Manta Faswod ɗin Kwamfutarka? Ga Abin da Za Ka Yi Kafin Ka Yarda a Yi Mata Fomatin

Idan ka ɗauki laftof ka shiga shagon gyara a Samaru, ko PZ, ko Tudun Wada, ka ce ka manta kalmar sirri, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce: “Oga, sai dai a yi mata fomatin.” Mai gyaran ba ƙarya ya yi ba, fomatin zai buɗe ta. Sai dai zai tafi da furojet ɗin da ka kai babi na huɗu, da hotunan biki, da lissafin shago. Sau da yawa kuma ba a buƙatarsa sam. Bayanin nan ya shafi Windows 10 da Windows 11, don su ne suka cika hannun mutane a Zariya, duk da cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Maganar kuma ta kwamfutarka ce, ko wadda mai ita ya ba ka izini.

Da farko, tabbatar mantawar ka yi

Kada ka yi ta jefa kalmomi kana canki-canka. Sababbin Windows 11 suna rufe asusu na minti 10 idan aka yi kuskure sau 10. Tsaya ka duba kibod tukuna.

Rubuta kalmar, sannan ka danna ka riƙe ɗan hoton ido da ke ƙarshen akwatin. Zai nuna maka ainihin abin da ya shiga. Nan ne ake kama ɓarawon. Wani lokaci Caps Lock ne a kunne. A ƙananan laftof marasa ɓangaren lambobi, idan Num Lock ya kunnu, haruffan U, I, O, J, K, L sai su koma lambobi ba ka sani ba. Ƙurar hunturu ma tana kashe maɓalli ɗaya ko biyu, ka danna harafi bai fito ba. Idan haka ne, danna alamar da ke ƙasa daga dama ta sauƙaƙa amfani, ka zaɓi On-Screen Keyboard, ka rubuta da linzami.

Akwai wata matsala da ta fi damun masu kwamfutar gwanjo da aka shigo da ita daga Ingila. A tsarin kibod na Amurka, Shift da 2 yana ba da alamar @. A na Ingila, wannan haɗin alamar " yake bayarwa, @ ɗin tana can kusa da Enter. Haka Shift da 3: a ɗaya # ne, a ɗayan £. Idan akwai irin waɗannan alamomi a kalmarka kuma tsarin ya sauya, ko shekara za ka yi kana rubutawa ba za ta buɗe ba. Duba ƙasan sikirin daga dama, idan ka ga ENG, danna ka sauya tsarin. Wanda ya sa ƙ ko ɗ ko ɓ a kalmar sirrinsa ma, sai ya koma kibod ɗin Hausa daga wannan wurin kafin harafin ya fito.

Abu na ƙarshe a nan: PIN daban, faswod daban. Duba abin da aka rubuta a cikin akwatin. Idan PIN ake tambaya kai kuma faswod ka tuna, danna Sign-in options ka sauya.

Wane irin kulle ne a gabanka?

Wannan tambayar ita ke raba hanya, kuma ita ce wadda aka fi tsallakewa.

Idan da kunna kwamfuta, tun kafin tambarin Windows ya bayyana, wani akwati ya tare ka, wannan kalmar BIOS ce, wato tsarin da ke tayar da kwamfutar kafin Windows. Ba ruwanta da Windows, fomatin ma ba ya cire ta. Sai wanda ya sayar maka, ko ƙwararren mai gyara da zai nemi shaidar cewa taka ce.

Idan shuɗin sikirin ne ya fito yana neman lambobi da sunan BitLocker, wato tsarin Windows na ɓoye duk abin da ke rumbun ajiya, za mu zo kansa a ƙasa.

Idan kwamfutar ofis ce ko ta makaranta da aka ba ka, kada ka taɓa komai. Je sashen kwamfuta na wurin aikin, cikin minti kaɗan za su sauya maka daga nasu ɓangaren.

Sauran biyun su ne na yawancin mutane: asusun Microsoft, wato wanda aka ɗaure da imel, da asusun gida, wanda ke zaune a cikin kwamfutar kaɗai. Rubuta kalmar da ba daidai ba sau ɗaya ka gani. Idan ya nuna maka ɗan tunin da ka ajiye tare da Reset password, asusun gida ne. Idan ka ga adireshin imel, ko I forgot my password, na Microsoft ne.

Idan asusun Microsoft ne

Wannan ya fi sauƙi, muddin layin wayar da ka yi rajista da shi yana hannunka.

1. Kunna hotsfot a wayarka. A sikirin ɗin shiga, danna alamar sadarwa da ke ƙasa daga dama, ka haɗa kwamfutar da shi.
2. Danna I forgot my password, ko I forgot my PIN idan PIN ne. Idan ba ka ga ko ɗaya ba, buɗe account.live.com/password/reset a wayarka.
3. Za a nuna maka ƙarshen lambar waya ko wani ɓangare na imel ɗin da ka ajiye. Zaɓi ɗaya, ka cike abin da aka ɓoye, a turo maka lamba.
4. Shigar da lambar, ka zaɓi sabuwar kalma.
5. Koma kwamfutar ka shiga da sabuwar kalmar tana kan intanet. Idan babu intanet, tsohuwar da ta haddace za ta ci gaba da nema, ka ɗauka sauyin bai yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne layin. Da yawa sun buɗe imel da layin da suka yar tun suna aji ɗaya, ko wanda aka rufe lokacin haɗa layi da NIN, ko ma lambar yaron shagon da ya saita musu kwamfutar ranar da suka saya. Idan layin naka ne ya ɓata, je ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka a dawo maka da shi, wannan ya fi kowace hanya gajarta. Idan ya daɗe a mace har an sayar wa wani, saura fom ɗin da ke account.live.com/acsr. Zai tambaye ka tsofaffin kalmomin da ka taɓa amfani da su, da mutanen da ka tura wa saƙo, da kanun saƙonnin. Cike shi daga wayar da ka saba buɗe imel ɗin da ita, kuma ka ba da duk abin da ka tuna ko da kana kokwanto. Na'ura ce ke duba amsoshin, ba mutum ba, don haka roƙo da rantsuwa ba sa aiki. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu kuma ya rasa duka hanyoyin, fom ɗin ba zai taimake shi ba.

Idan asusun gida ne

Tun daga sabuntawar 1803 ta Windows 10, wadda ta fito a 2018, ana tilasta wa mai buɗe asusun gida da faswod ya zaɓi tambayoyin tsaro uku. Bayan ka yi kuskure, danna Reset password, ka amsa ukun, ka sa sabuwar kalma. Shi ke nan. Idan mai shago ne ya saita maka, kira shi, wataƙila harafi ɗaya ya danna a duka ukun don ya yi sauri.

Idan ka taɓa haɗa filashin sake kalmar sirri, soka shi, ka danna Reset password, ka bi Use a password reset disk. Kaɗan ne suke da shi, shi ya sa na bar yadda ake yinsa zuwa gaba.

Hanya ta uku ita ce ta wani asusun admin da ke kan kwamfutar, wato asusun da ke da ikon sauya kalmar kowa. Duba ƙasan sikirin daga hagu, ko akwai sunan wani: yayanka, matarka, ko wanda ya sayar maka. Idan asusunsa na admin ne, ya shiga ya yi haka:

1. Ya danna Start ya rubuta cmd, ya danna dama a kan Command Prompt, ya zaɓi Run as administrator.
2. Ya rubuta `net user` ya danna Enter. Sunayen duk asusun da ke kwamfutar za su fito.
3. Ya rubuta `net user Ofis *`, ya sa sunan asusunka a madadin Ofis. Idan sunan kalma biyu ne, ya sa shi tsakanin alamun zance, kamar `net user "Babban Ofis" *`.
4. Zai nemi sabuwar kalma sau biyu. Ba abin da zai bayyana yayin rubutawa, ko ɗigo. Haka aka yi shi, ba lalacewa ya yi ba.

Idan ya ce Access is denied, ba a matsayin admin aka buɗe ba. Wanda baƙin sikirin ke ba shi tsoro yana iya bi ta Control Panel, User Accounts, Manage another account, ya zaɓi sunan, ya danna Change the password. Duk ɗaya ne. Wannan hanyar ba ta aiki a kan asusun Microsoft.

Amma ka san abin da za ka rasa. Windows tana ɗaure wasu sirrika da tsohuwar kalmarka. Idan wani ya sauya ta da ƙarfi daga waje, kalmomin da Chrome ko Edge suka adana maka a kwamfutar suna iya daina buɗewa, haka fayilolin da ka kulle da tsarin ɓoye fayil na Windows. Takardunka na yau da kullum da hotuna ba abin da zai same su. Idan Chrome ɗinka yana haɗe da asusun Google, kalmomin za su dawo da zarar ka sake shiga. Filashin sake kalma bai da wannan illar, dalilin da ya sa na fifita shi ke nan.

Duk ƙofofin nan sun ƙi: kwashe kayanka tukuna

A nan ne mutane ke yin asara, saboda gaggawa. Windows ce ta ƙi buɗewa, amma fayilolin suna nan lafiya a rumbun ajiya. Hanya biyu ake bi a ciro su.

Ta farko, mai gyara ya cire rumbun, ya sa shi a ɗan akwatin da ake haɗawa ta USB, ya jona da wata kwamfutar. Kayanka suna cikin foldar Users, ƙarƙashin sunanka: Desktop, Documents, Downloads, Pictures. Kada ka manta Downloads, nan ɗalibai ke tara rabin karatunsu.

Ta biyu ba sai an kwance ko noti ɗaya ba. A wata kwamfutar, sauke Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, da ƙaramar manhajar Rufus, ka yi amfani da Rufus ka ɗora Ubuntu a filashi mai girman gig 8 ko fiye, wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, don za a goge shi. Soka shi a kwamfutar da ta kulle, ka kunna kana danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko yawancin Lenovo. Zaɓi filashin, sannan ka zaɓi Try Ubuntu. Ka kula sosai: Try, ba Install ba. Buɗe manhajar fayiloli, ka nemo rumbun Windows, ka kwafe kayanka zuwa wani filashin. Saukar da Ubuntu yana cin gig da yawa na data, don haka tambayi mai gyara ko yana da shi a ajiye. Kuma ka yi aikin nan batir a cike, kada a ɗauke wuta kana tsakiyar kwafa.

Idan za ka bar wa mai gyara aikin, ka zauna a yi a gabanka. Ka ce masa: “Malam, don Allah kafin komai a kwashe min fayiloli, in gan su da idona a filashi.” Buɗe biyu ko uku ka tabbatar suna buɗewa. Masu gyara suna da manhajojin da ke share kalmar asusun gida ba tare da fomatin ba, tambaye shi ko zai gwada wannan. Illarsa ɗaya ce da ta sauyawar admin da na ambata.

Abin da ke tsayar da duk waɗannan dabarun shi ne BitLocker. Idan rumbun a ɓoye yake, ba Ubuntu, ba akwatin USB, ba gwanin da zai karanta shi sai da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Sababbin kwamfutoci, musamman masu Windows 11 ta 24H2, sukan kunna wannan ɓoyewar da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, mai kwamfutar bai ma sani ba. Mabuɗin yana ajiye a asusun: buɗe aka.ms/myrecoverykey a waya ka shiga. Idan da asusun wani aka fara saita kwamfutar, mabuɗin yana wurinsa. Duk wanda ya ce maka zai fasa BitLocker ba mabuɗi, kuɗinka kawai zai ci.

Bayan kayanka sun tsira, sai a share. A sikirin ɗin shiga, riƙe Shift, ka danna alamar kashewa, ka zaɓi Restart ba ka saki Shift ba. Daga nan Troubleshoot, Reset this PC, Remove everything. Jona caja. Za ta ɗauki lokaci tana kashewa tana kunnawa, kada ka katse ta.

Mai Mac, a gurguje: idan an haɗa asusun da na Apple, sikirin ɗin shiga zai ba ka zaɓin sauyawa bayan kuskure kaɗan. In ba haka ba, shiga yanayin ceto, da Command da R a masu Intel, ko riƙe maɓallin kunnawa a sababbi, ka buɗe Terminal ka rubuta `resetpassword`.

Yanzu da ka shiga, gyara gidan

Kwamfuta ɗaya a gidan Zazzagawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Maigida na lissafi, ɗiya na shirin JAMB, ƙane na kallo, maƙwabci ya zo cike fom. Duka a asusu ɗaya, kuma na admin. Nan ake samun wanda zai sauya faswod da wasa ya manta, ko ya sauke manhajar da za ta cika kwamfutar da talla.

Asusu iri biyu ne. Administrator yana iya girka manhaja, ya sauya kalmar kowa, ya goge kowa. Standard yana aikinsa ne kawai a ɗakinsa, idan ya tashi taɓa wani abu babba sai an nemi kalmar admin. Kowa a ba shi Standard. Ni a ganina kai ma mai kwamfutar gara ka riƙa aikin yau da kullum a Standard, amma na san ba kowa zai jure yawan tambayar ba.

Ga yadda ake ƙara mutum:

1. Settings, Accounts, sannan Other users a Windows 11, ko Family & other users a Windows 10.
2. Danna Add account, ko Add someone else to this PC.
3. Zai nemi imel. Idan asusun gida kake so, danna I don't have this person's sign-in information, sannan Add a user without a Microsoft account.
4. Sa suna da kalmar sirri da tambayoyi uku. Sabon asusu Standard yake fitowa. Idan kana so ya zama admin, danna sunan, ka zaɓi Change account type.

Da wannan hanyar ka buɗe asusun admin na biyu, na gida, wanda ba mai amfani da shi. Rubuta kalmarsa a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta ko na fili. Ranar da ka manta taka, da shi za ka shiga ka yi `net user`. Masana sukan hana rubuta faswod, amma abin da suke nufi shi ne manna shi a jikin sikirin. Takarda a ƙasan akwati ba mai kutsen intanet da zai kai gare ta.

Tambayoyin tsaron kuwa ba da mu aka tsara su ba. Akwai sunan dabbar da ka fara kiwo a gida, da garin da aka haife ka, da laƙabinka na yarinta, da garin da iyayenka suka haɗu, da makarantarka ta farko. Wanda aka haifa a Zariya, iyayensa suka haɗu a Zariya, duk unguwa ta san laƙabinsa da firamaren da ya yi, ai ƙanensa ma zai amsa ukun yana dariya. Kwamfuta ba ta bincika gaskiyar amsa. Ba ta amsar da ba ta da alaƙa da tambayar, ka rubuta a waccan takardar.

Filashin sake kalma kuwa minti biyu ne aikinsa, kuma sai kana ciki ake yinsa. Soka filashi, ka buɗe Control Panel, User Accounts, ka danna Create a password reset disk, ka sa kalmarka ta yanzu. Zai ajiye ɗan fayil mai suna userkey.psw. Ko sau nawa ka sauya kalma daga baya, zai ci gaba da aiki. Na asusun gida ne kawai, kuma duk wanda ya riƙe shi zai iya buɗe asusunka, saboda haka kada ya zama filashin da kake kaiwa shagon firintin a bakin get ɗin jami'a.

Mai asusun Microsoft ya shiga account.microsoft.com, ɓangaren Security, ya duba lambar waya da imel ɗin da ke ciki tun layin na raye. Ya ƙara na biyu. Kada ya cire duka tsofaffin lokaci guda, don hakan yana jawo jiran kwana 30 kafin sababbin su fara aiki. Daga nan ya kwafe lambobi 48 na BitLocker da biro, idan akwai.

Masu shagon buga takardu da ƙananan makarantu, wannan taku ce. Kalmar admin ta zauna a hannun mai wurin, yaron da ke aiki a ba shi Standard. Ranar da ya bar aiki, kada a yi saurin danna Remove a Settings, don maɓallin da ke biye Delete account and data ne, kuma da gaske yake: duk takardun kwastomomi da ke Desktop ɗinsa za su tafi. Fara kwashe foldarsa daga C:\Users. Ko ka bi ta Control Panel, Manage another account, Delete the account, inda za a ba ka zaɓin Keep Files, ya tara maka fayilolinsa a folda a kan naka Desktop ɗin.

Idan za ka tashi ko na minti biyar ne, zuwa masallaci ko karɓar baƙo, danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle nan take. Sauya kalmar da ka sani kuwa, a asusun gida, Ctrl da Alt da Delete ne, sannan Change a password.

Mai shirin sayen kwamfutar hannu a Sabon Gari, kada ya biya sai an kunna a gabansa. Ya sa a shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, ya ga ba ta neman kalma. Ya duba Settings, Accounts, ya ga ba imel ɗin wani a ciki, kuma a Access work or school ba a ɗaure ta da wani kamfani ko makarantar waje ba. Idan akwai asusun mai shago, a buɗe masa nasa na admin nan take, ya shiga da shi, ya cire na mai shagon kafin ya bar wurin.